Dunƙulen da Babu Iri a Ciki

Yaya ya danna yatsa cikin dunƙulen laka, ya yi rami, ya rufe shi babu komai a ciki. 'Ya'yan tsamiyar kuwa aljihunsa suka shige.

Can gefe, ƙaninsa Auta yana nuna wa mutanen gari yadda ake yi: laka da taki, ƙwayar iri a tsakiya, a mulmula, a shanya, a watsa kan tudun da gatari ya aske. Tun da dajin ya ƙare, ruwa ke gangarowa yana cinye gonaki.

"Allah ya yi maka albarka, Auta!" in ji wata tsohuwa. "Gidanku dai kai ne fitila."

Yaya ya murza wani dunƙulen da ƙarfi. Shekara ashirin yana yawo a dajin nan, kowace bishiya ya santa da ƙamshin ɓawonta, ba wanda ya taɓa sa masa albarka. Wanda ya goya, ya share wa majina, yau shi ne fitila? To, a haɗa duka a buhu ɗaya a watsa. In rabi ya ƙi tsirowa, a ga bakin da zai sake yabonsa.

Da ya koma gida, ya zazzage aljihun a bayan ɗakinsa.

* * *

Ranar watsa dunƙulen, Auta ya tare shi yana washe baki.

"Yaya, wallahi hannunka daban ne! Namu kamar kashin awaki, naka kamar ƙwai. Ban bari an haɗa su da na kowa ba."

"Ka kai su ina?"

"Gangaren da ke saman gonarka. Da hannuna na watsa. Kai ne babba, kai za ka fara shan inuwa."



"Madalla," in ji Yaya.

* * *

Bayan damina uku, tudu ya yi kore, sai gefe ɗaya da ya tsaya kamar sanƙo. Ta nan ruwa ya biyo, ya tsaga gonar Yaya gida biyu.

Auta ya same shi a gida, ya durƙusa, idonsa jawur.

"Laifina ne, Yaya. Ƙila na yi gaggawar watsawa. Ka yafe mini."

Yaya bai iya kallonsa ba. Ya zagaya bayan ɗaki. Tsamiyun da ya zubar sun tsiro a cunkushe, suna shaƙe juna, saiwarsu ta fara tsaga masa bango.