Ƙusar Ƙarfe a Jangadar Anacleto

Valdemiro maci amana ne, kuma rago. Duk wanda ya ga dama ya kai masa.

Jangada, wato jirgin ruwa na gumagumai, ɗaya ta rage a bakin tekunmu, ta marigayi Anacleto. Itatuwa ne aka jera aka haɗa da turakun icce, don ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe. Ƙungiyar masunta ta damƙa wa Valdemiro gyaranta, saboda ita ke ɗaukar mutum-mutumin Waliyyi Pedro ranar bikinsa, a zaga teku da shi da rakiyar jirage. Sassaƙa turaku aiki ne mai cin rai. Sai ya buga mata ƙusoshin ƙarfe, ya rufe kawunansu da fenti.

Ranar bikin bana ina kanta, da shi, da Deusdete mai tuƙi, da Inna Zenaide matar marigayin, tana rungume da mutum-mutumin. Sai da gari ya koma ɗan farin layi a bayanmu, na ji ƙas! a ƙarƙashin ƙafata. Gungumen tsakiya ya rabu da ɗan'uwansa. Ta tsagar na hango ruwa baƙi ƙirin, ga jan abu yana tsiyaya.

Deusdete ya ce, "Kai Valdemiro, yaushe icce ya fara tsatsa?"

"Jinin kifi ne, ɗan'uwa."

"Kifin gidanku! Yaushe rabonta da zuwa kamun kifi?"

Igiyar ruwa ta ɗaga mu. Tsagar ta wangame, ƙafar Inna ta zurma har gwiwa, itatuwan suka koma suka matse. Ban taɓa jin ihu irin nata ba. Sauran jiragen sun yi gaba da ganguna, babu mai jinmu. Muka cusa sandar tuƙi muna ɓanɓara, wata ƙusar ta tsinke, sannan wata. Valdemiro ya ƙanƙame doguwar sandar da ke tsaye a tsakiyar jangadar yana kiran uwarsa.

Inna ta ce masa, "Ɗana, saki iccen nan ka ja ni. Ka yi kukan daga baya."

Bai saki ba. Mu biyu muka zare ta, muka ɗaure itatuwan da igiyar anga ta tsayar da jirgi, muka juya, ruwa har ƙuguna. A bakin gaɓa jangadar ta watse, kowane gungume ya kama gabansa.

Inna Zenaide da sanda take tafiya yanzu. Ƙungiya ta kori Valdemiro. Babu jirgin da ke ɗaukarsa a garin nan, kuma babu mai sayar masa da kifi.