Girkin da Ba Ya Shiga Lissafi

"Inna, ya sake turo kwanon," in ji 'yar maƙwabcina, tana tsaye a ƙofar kicin ɗina, idanunta jawur. "Wai daga gidan abinci yake, ba zai ci ba."

Na ajiye ludayi, na goge hannu, na bi bayanta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da ɗan gidan abincina. Ma'aikacin ofishin ƙididdiga na jiha ne a da, aikinsa zagaya otal-otal da gidajen abinci yana auna abin da muke samarwa, don gwamnati ta san abin da muke ƙara wa arzikin jiha. Baba Kujeru muke ce masa a layinmu, saboda kafin ya amsa gaisuwarka idonsa ya gama bin kujerun wurin.

Doka ɗaya ya ɗora wa kansa: ba ya cin abinci a inda yake aunawa. Ko ruwa da gorarsa yake zuwa. Sai ya zauna a kujerar bakin ƙofa, wadda na ɗaure ƙafarta da waya, yana jero mini tambayoyi, ƙamshi na dukan hancinsa, maƙogwaronsa na motsi.

"Baba Kujeru, ko ɗanɗano? Ba guba na zuba ba fa."

"Uwar Tukunya, in na ci, gobe sai a ce kin saye ni da cinyar kaza."

Haushi nake ji a lokacin, wallahi. Yanzu kuwa kewar zamanin nake. Layin cike yake da makanikai da direbobi, rediyo na ta surutu a kan kanta, masu wanke-wankena ba sa ɗaga kai sai la'asar.

Ya daɗe da yin ritaya, amma ciwo ya taɓa masa tunani ya mayar da shi bakin aiki. Likita ya ce kada a ba shi magani cikinsa babu komai, ga shi ya rufe baki. Girkin 'yarsa ya ƙi, wai ƙamshin bayan katanga yake ji. An kawo na bayan katangar, ya ce aiki ya hana.

Na same shi jingine da filo, riga a maɓalle har wuya, takalmansa goge a gefen gado. Ya rame ƙwarai, sai idanun.

"Uwar Tukunya, kin ƙara kujeru bana?"

"Ragewa ma na yi, Baba."

"Assha. Sai na sanar da ofis."

Ina tsaye a kansa na tuna wata gardama da muka taɓa yi. Na tambaye shi matan da ke yini gaban murhu a gidajensu fa, a ina yake sa su? Ya ce abin da aka dafa a gida aka ci a gida ba ya shiga lissafinsu. Ranar na yi masa tatas, na ce ashe wahalar uwarsa ma ba ta cikin arzikin jiha. Dariya ya yi, ya ce ba shi ya kafa dokar ba.

Na ce wa yarinyar, "Ina tukunyar mamanki?"

Ta ciro ta daga saman kabad, murfin duk ƙura. Na ɗora ta a kicin ɗinsa, na bar ƙofa a buɗe yadda zai hango ni daga gado. Romon kaza na yi, na zuba 'yar shinkafa ta yi laushi. Duk motsina idonsa na kaina.

Da na kawo, ya leƙa kwanon.

"A ina aka dafa?"

"A kicin ɗinka, da tukunyar marigayiya."

"Sayarwa za a yi?"

"Wa zai saya? Na gida ne."

Ya ɗan gyaɗa kai. "To ba ruwan ofis da shi."

Ya buɗe baki. Cokalin farko ya daɗe a bakinsa kafin ya haɗiye, idonsa a lumshe.

"Ashe abin da na yi ta hana kaina ke nan," in ji shi. Can ya ƙara, "Gishiri ya ɗan yi yawa."

"Ji shi! Bayan shekarun nan duka, abin da za ka gaya mini ke nan?"

Dariya nake, hawaye na zuba. 'Yarsa ta juya ta fuskanci bango.

Daga ranar kullum a kicin ɗinsa nake fara ɗora tukunya kafin na buɗe nawa. Ya ci, ya sha magani, har wata rana ya nemi ƙari. Amma jikin ya riga ya gaji. Wata rana da hantsi ya rasu, ina yanka albasa, yarinyar na riƙe da hannunsa.

Bayan an share makoki na buɗe gidan abincin. Na fito da kujeru, na ajiye mai waya a bakin ƙofa inda take zama. Da tukunya ta tafasa na ɗaga murfi, tururin ya tashi ya tsallaka katanga, ya nufi tagarsa da ba a rufe ba tukuna.