Bidiyon Minti Ɗaya

Shekara talatin Malam Yahuza ya yi yana gwajin ƙasar noma, goma na ƙarshe a ɗakin gwaji na jami'ar Wudil. Tun da ya yi ritaya komai ya zama ɗaya a wurinsa. Ya ci, ya yi salla, ya zauna a ƙofar gida yana kallon motocin da suka nufi gada.

'Yarsa Khairiyya ce ta kawo labarin. Wani kamfanin noman rani a Indabo yana neman masanin ƙasa, kuma sun ce kowa ya ɗora bidiyon minti ɗaya a shafinsa, ya faɗi abin da ya iya.

"Baba, ka ce kai ƙwararre ne. Ka faɗa da bakinka."

"Muna dai taɓawa," in ji shi.

"Baba, don Allah."

Ya yarda, domin wannan aikin ne kaɗai zai mayar da hannunsa cikin ƙasa. Ya sa babbar riga, ya zauna tsaf kamar mai jiran hoton fasfo. Ya yi sallama, ya gaida masu kallo da iyalansu, ya tambayi gajiya. Sannan ya shiga ambaton malamansa ɗaya bayan ɗaya, yana nema wa mamatan rahama, don a ganinsa rashin kunya ne mutum ya fara da kansa. Yana cewa "ni kuwa sunana", minti ya cika. Sau huɗu suna sakewa, mutumin nan ya ƙi tsallake malami ko ɗaya. Haka Khairiyya ta ɗora shi, ranta a ɓace.

Jamil aka ɗauka, tsohon ɗalibinsa, wanda shafinsa ke cike da hotunansa cikin farar rigar gwaji. Da aka faɗa wa Malam Yahuza, ya nemi baƙin ciki a ransa bai samu ba.

Bayan mako biyu sai ga Jamil da leda cike da ƙasa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Malam, albasarsu ta ƙi. A ɗan duba mana."

Malam Yahuza ya murza ƙasar, ya ɗanɗana. "Kanwa ce ta taso. Ruwa na kwana a gonar, a buɗe masa hanya."

Jamil ya yi godiya, ya kafa wayarsa a kan dakali, ya ɗebi ƙasar a tafin hannu, ya gyara murya. Sai ya waiga.

"Malam, afuwan, kana fitowa a ciki."

Malam Yahuza ya ja kujerarsa gefe.