Gurbin Da Babu A Manhajar Bappayo

Da safiyar da likita ya ce a kai Malam Saleh gida, kowa a asibitin ya gane nufinsa. A Azare ba a cewa an cire rai, sai dai dangi su ɗauki mutum ya je ya cika cikin 'yan uwansa. Ƙanin Malam Saleh, Kawu Hammawa, ya samo mota zuwa garinsu Udubo.

Bappayo, ɗan Malam Saleh, shi ya rubuta wa ƙaramin asibitin manhajar ajiye bayanan marasa lafiya a 2008. A gurbin halin majiyyaci kalmomi huɗu kacal ya ƙayyade: yana kwance, an sallame shi, an tura shi wani asibiti, ya rasu. Kowace da lambarta a rumbun bayanai, in aka kawo wata sai manhajar ta yi kememe. Ya sha yin alfahari da wannan taurin kai nata.

Ana naɗe tabarmar jinya, Hajiya Yakaka, shugabar nas-nas, ta leƙo.

"Bappayo, me zan zaɓa wa Malam? Ba sallamarsa aka yi ba, ba kuma tura shi aka yi ba."

Ta tambaya ne kawai, ba ta ce ya gyara ba. Shi kuwa sai ya ja kujera ya zauna gaban kwamfutar asibitin.

Kawu Hammawa ya shigo yana haki. "Kai muke jira, yana ta kiran sunanka."

"Ku yi gaba, Kawu. Ina gamawa zan biyo ku."

"Yanzu wannan akwatin ne gabanka?"

Bai ɗago ba. Ba ya jin tsoro, ba ya jin baƙin ciki, ba ya jin komai, sai yatsunsa da ke aiki. Ya ƙara kalma ta biyar, an kai gida, ya ba ta lamba, ya sake ɗaure ta da rumbun. Wuta ta ɗauke, ya jira aka tada janareta. Ya gwada, ta ƙi. Ya gano inda ya yi kuskure, ya sake gwadawa.

Wayarsa ta yi ƙara. Kawu ne, daga bakin hanya, ba su ma kai Udubo ba. Bappayo ya saurara, ya ce, "To. Allah ya jiƙansa." Ya ajiye wayar kusa da madannan kwamfutar.

Hajiya Yakaka ta dawo da tiren allura a hannu. "Waye ya kira?"

"Kawu ne," in ji shi, idonsa na kan allon. "Zo ki gani, Hajiya, yanzu tana karɓa."