Kwanon da Ke Dawowa Wayam

Tun da asibiti suka sallamo mijinta da kansar maƙogwaro, ta koma 'yar kicin. Ta dafa, ta niƙa, ta tace. Ƙaninsa Dogo ne ke shiga da kwanon, wai Yaya na jin nauyin ta ga yana ƙwarewa. Kullum kwano ya fito wayam.

"Matar Yaya, gishirinki ne dai ba ya ji," in ji Dogo.

"Kai aka dafa wa, sarkin kwaɗayi?"

Ranar nan nas mai zuwa duba shi a gida ta fito tana wanke hannu. Matar ta tare ta da murna.

"Kin ga jiki ya fara karɓa ko? Kwano guda yake tashi da shi."

Nas ta tsaya da sabulu a hannu.

"Kwano? Baiwar Allah, cokali biyu ma da ƙyar suke wucewa. Ai na yi wa ƙaninsa bayani. Abinci ba zai tashe shi ba yanzu. A ba shi ɗan abin da ransa ke so, a riƙa jiƙa masa leɓe, ke kuma ki zauna kusa da shi. Lokacin ba yawa."

Ba ta jira ƙarshen maganar ba. Ta tura ƙofar ɗakin ba sallama. Dogo na bakin gado, ya ba ƙofa baya, yana kurɓar romon da ta yini tana tacewa. Mijin na kallon sa.

"Shi ya sa ni, wallahi," Dogo ya ce, bakinsa duk maiƙo.

"Ba da kai nake ba." Ta juya ga mijin. "Kai ka sani, shi ya sani, nas ta sani. Ni kuka mayar sakarya, ina can ina fama da tukunya, kwanakinka na tafiya."

Muryarsa ta fito kamar ana jan takarda. "In kina girki... kina waƙa. Ban so ki daina ba."

"Sai ka zaɓar min? Kwanakin nan ai nawa ne ni ma."

Ta nuna wa Dogo ƙofa, ya fice sum-sum. Ta ja kujera har gwiwarta ta taɓa gadon, ta tsoma auduga a ruwa, ta shafa masa a leɓe. Ya lalubo hannunta. Ba ta janye ba, ba ta kuma dube shi ba.