Ragon Marlys, Harsashin Orval

Ranar da sunan Marlys Rustad ya fito a ƙuri'ar farautar ragon dutse, kusan duk garin sai da suka zo yi mata barka, har da waɗanda hassada ta hana su cin abincin rana. Shekara talatin da ɗoriya tana aika sunanta hukumar namun daji ta jihar Montana, kullum amsar ita ce sai baɗi. Maza nawa a garin nan suka tsufa suka mutu suna jiran wannan izini. Ita kuwa sai da ta haura sittin, gwiwarta ta hagu ta fara ƙara in tana hawa matakala, sannan abin ya faɗo a kanta. Ta san sau ɗaya ne. Ko da doka ta yarda ta sake shiga ƙuri'a bayan wasu shekaru, ƙafar da za ta kai ta saman dutse ba za ta tsaya jira ba.

Mijinta Orval ya fi kowa murna, kuma da ta yi tunani da kyau, wannan murnar ce ya kamata ta tsorata ta.

Orval maƙerin bindiga ne, gwani kuwa, ko maƙiyinsa ba ya musun wannan. Sai dai yana da wani ciwo da ya daɗe a jikinsa: harsashin kanti bai taɓa gamsar da shi ba. Yana cikin mutanen nan da ke ɗaukar kwanson harsashi na kamfani, su buɗa masa kafaɗa, su miƙar da jikinsa don ya ci albarushi fiye da yadda aka yi shi, sannan su laƙaba masa sunansu. Ba a samun irinsa a kowane kanti, sai mai shi ya zauna ya ɗura da hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma sai bindigar da aka ƙera dominsa kaɗai ke iya harba shi. Nasa ya sa masa suna Rustad. Ya ishi kowa da zancensa a shagon shan kofi, har in ya shigo sai ka ga mutane sun tuna suna da aiki a gona. Abin da ya rage masa kawai shi ne wata babbar dabba da za a ce da Rustad aka kayar da ita.

Marlys tana da bindigarta, ta mahaifinta ce, tsohuwa mai gogaggen gindi, da ita ta cika musu firji da naman barewa duk tsawon aurensu. Wata safiya Orval ya ce bari ya ɗauka ya goge mata ita. Da rana ta kai masa kofi maƙera, sai ta tarar da ita kashi uku a kan benci: katako gefe, bututu gefe, uwar ƙarfen mai sakata da kunama kuma an riga an danne ta a matsi.

Ta ajiye kofin ta ce, “Orval, wa ka tambaya?”

Ya ce ai kyauta yake shirya mata, ita ce ta ɓata da shigowa. Ya ce uwar ƙarfe irin ta da ba a yin ta yanzu, a kanta zai ɗora sabon bututu. Ya ce ragon dutse ba barewar bakin gari ba ce, daga wannan tsauni zuwa wancan ake harbinsa, tsohon harsashinta kuwa kafin ya isa ya gaji ya sunkuya. Ta ce ya mayar mata da kayanta yadda ya gan su. Sai ya ɗan sosa ƙeya ya ce tsohon bututun ya ƙi kwancuwa, dole ta sa ya yanke shi.

Ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, shi kuwa bai ma lura ba, yana maƙera.

A ba shi haƙƙinsa, ya yi aiki. Ya fito da wani katakon bishiyar gyaɗar turawa da ya ɓoye tun farkon aurensu, ya auna hannunta da wuyanta, ya sassaƙa gindin daidai kafaɗarta, ya yi ta shafa masa mai da tafin hannu har yana ɗaukar ido. Ya ƙwaƙule mazaunin harsashi a sabon bututun a hankali, yana yi yana dubawa, gumi na ɗiga daga hancinsa. Ranar da ya miƙa mata, ta ɗaga ta kai kafaɗa, sai ta ji kamar da ita aka haife ta. Ta harba uku a filin da ke bayan gidansu, duk ukun suka shiga kusan rami ɗaya. Zuciyarta ta yi sanyi, har ta dafa masa kaza da yamma. Da ta juya bututun ta ga abin da ya buga a jiki da ƙananan haruffa, sunan Rustad ne, kuma ta san ba ita ake nufi ba.

Mutumin kirki da nan zai tsaya, ya goge bindiga ya rataye sai kaka. Orval bai iya tsayawa ba. Ramin ukun nan bai yi masa ƙanƙanta ba. Ya ƙara albarushi ɗan kaɗan ya gwada, ya rage ya gwada, ya sake dalmar kan harsashin ya koma farko. Duk bazarar nan ƙarar bindiga ce ke tashin maƙwabta, har karen gidan ya koma kwana ƙarƙashin mota. Bututun kan yi zafin da ba ya taɓuwa, shi kuwa sai ya hura masa iska ya ci gaba. Kullum da yamma sai ya shigo da takardar gwajin da ya harba, ya shimfiɗa mata kusa da farantin abinci, ya ce ta duba.

Ƙanenta Arlo, mai dawakai, wanda zai raka ta dutsen, ya leƙo wata rana ya tarar da tulin kwanso a bokiti. Ya ce, “Injiniya, ka dai rage wa ragon ko guda ɗaya. Irin wannan harsashi naka mai cin albarushi kamar jaki, ai cin bututu yake yi.”

Orval ya ce wanda bai san komai ba sai kashin doki ya bar zancen ƙarfe ga masu shi. Suka yi dariya, zancen ya wuce.

Da kaka ta matso, sai takardun suka daina zuwa teburin abinci. Marlys ta ɗauka ya gaji ne, ta gode wa Allah. Ta ce tana so ta harba daga nesa ta ji hannunta, ya ce ya riga ya daidaita madubin saiti, kada a taɓa, kuma harsashin da ya ɗura na farauta ƙidayayye ne. Da ta matsa, ya kafa mata galan ɗin ruwa nan kusa, ta fasa shi, ya tafa mata. Shekara arba'in tana aure da maƙeri, ba ta ga dalilin yi masa musu a kan sana'arsa ba.

Suka hau dutse su uku. Orval ya tsaya a zango saboda ƙirjinsa ba ya son tudu, ita da Arlo suka yi ta hawa kullum tun da sanyin safiya. Gwiwar ta kumbura, ta ɗaure ta da ƙyalle ta ci gaba. Sun ga tumaki mata, sun ga ƙananan raguna, ta ƙyale su. Sai wata hantsi Arlo ya taɓa hannunta ya nuna mata wani tsoho kwance shi kaɗai a kan fa, ƙahonsa ya naɗe ya zagayo har bakinsa ya farfashe don tsufa. 

Suka yi rarrafe har suka samu wuri. Nisan bai kai ma abin da Orval ke cika baki a kai ba, ta sha kayar da barewa a irinsa da tsohuwar bindigarta. Iska ta kwanta. Ta ɗora bindigar a kan jaka, ta jira ragon ya miƙe ya ba ta gefe, ta sa saiti a bayan kafaɗarsa, ta saki rabin numfashi, ta ja kunama.

Ragon ya gantsare, ya ja ƙafar baya, ya faɗa bayan fa. Kafin ta ja sakata ya ɓace.

Jinin da suka tarar baƙi ne, gauraye da ciyawar ciki. Duk wanda ya taɓa farauta ya san ma'anar wannan: dabbar za ta mutu, amma ba yau ba, kuma ba da sauƙi ba. Suka bi sawu har duhu ya kore su, suka dawo da safe suka ci gaba, tana jan ƙafa, tana kama duwatsu da hannu. Washegari dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe komai.

A gidansu Marlys akwai ƙa'idar da ba hukuma ce ta kafa ba, mahaifinsu ne: in ka zubar wa dabba jini, ita ce taka, ko ka same ta ko ba ka samu ba. Ta zauna a kan dutse ta ciro takardar izinin da wuƙa. Arlo ya riƙe hannunta.

Ya ce, “Yaya, doka ba ta ce haka ba. Da sauran lokaci, ga bindigata. Ba wanda ya gani sai ni.”

Ta ce, “Ni na gani.”

Ta yanke takardar yadda ake yankewa in an kashe dabba, ta mayar aljihu, izininta ya ƙare ke nan.

Da suka sauko zango, abin da Orval ya fara tambaya shi ne nisan. Bai tambayi gwiwarta ba. Da suka koma gari kuma, a shagon kofi, shi ya riƙa amsa wa mutane a madadinta, da muryar tausayi. Ya ce abin ba daɗi, amma kowa ya ga rago irin wannan dole jikinsa ya ɗauki ɓari, balle ga shekaru, ga gajiya. Ya ce harsashi dai ya yi aikinsa, inda aka nuna masa nan ya je. Mutane suka gyaɗa kai, matan coci suka kawo mata waina suna ce mata ta yi haƙuri.

Abin da ya fi ciwo shi ne ta yarda. Takan tsaya tana wanke kwanuka, ta ɗaga hannuwanta ta zuba musu ido ta ga ko suna rawa. Ta daina zuwa shagon kofi. In ta tuna ragon yana can wani lungu yana mutuwa a hankali saboda tsohuwa ta ƙi yarda ta tsufa, sai abinci ya fita ranta. Har haƙuri ta ba Orval, ta ce ta kunyata masa bindiga. Ya ce ba komai.

Ba a yi sati biyu da dawowarsu ba motar kai kaya ta tsaya a ƙofar gida. Orval yana maƙera, ita ta karɓa. Dogon kwali ne siriri mai nauyi, ba sai ta buɗe ba, ta karɓi irinsa ba adadi. Ta buɗe duk da haka. Sabon bututu ne da ba a taɓa ba, faɗin bakinsa daidai da na bindigarta. Mai yin bututun nan kuwa ba ya gaggawa, ita da bakinta take gaya wa masu kawo aiki su yi haƙuri, sai an yi wata biyu ko uku kafin ya aiko. Ta tsaya a baranda da ƙarfen a hannu, ta koma baya da lissafi, lissafin ya kai ta lokacin da takardu suka daina zuwa teburin abinci.

Ta shiga maƙera ta ajiye shi a kan benci. Orval ya kalli bututun, ya kalle ta, ya kashe inji.

Ta ce, “Yaushe ka sani?”

Ya yi ɗan kame-kame, sannan ya faɗa, don shi a kan ƙarfe bai iya ƙarya mai tsawo ba. Wuta ta cinye maƙogwaron bututun, wato inda harsashi ke fara shiga, tun ƙarshen bazara. Ya leƙa ya ga zanen da ke murza harsashi ya shafe daga farko, ƙarfen ya tsattsage kamar busasshen tabki. Amma, in ji shi, ba duka ke kaucewa ba, yawanci suna tafiya daidai, jefi-jefi ne ɗaya ke yin nasa wuri. Ya ga harbi ɗaya kawai za ta yi, ya ga zai yi wuya a ce wannan ɗin ne zai kauce.

Ta ce, “Me ya hana ka gaya mini?”

“Da na gaya miki, da kin ari ta Arlo.”

“Ƙwarai da na ara.”

“To kin gani,” ya ce, yana buɗa hannu kamar ya gama bayani. “Da yanzu ana cewa da harsashin kanti aka kashe shi.”

Ta kalle shi. Ba ta ga mugunta a fuskarsa ba, da ta gani ma da ya fi mata sauƙi. Mutum ne da ya auna abu biyu ya ɗauki wanda ya fi masa nauyi, kuma har yanzu yana ganin awonsa daidai ne. Ta ce ya tashi su je shagon kofi ya maimaita abin da ya faɗa yanzu. Ya ce haba Marlys, me wannan zai gyara, rago dai ya tafi, sai dai a ɓata sunan harsashi a banza alhali laifin bututu ne. Ya ce wannan karon ba zai yi gwaji da yawa ba, kafin baɗi ta samu bindigar da ba irinta a jihar nan, ta kashe barewa son ranta.

Ta ce, “Hannuna bai yi rawa ba, Orval.”

Ya ce, “Na sani.”

Ta jira ko akwai saura. Shi kuwa idonsa ya riga ya koma kan benci. Ya ɗauki sabon bututun, ya ɗaga shi saitin taga, ya rufe ido ɗaya yana leƙa cikinsa.