Gishiri a Ƙarƙashin Datsun

Nagamine, mai ƙiyasin kamfanin inshora, ya fito daga ƙarƙashin motar fuska a murtuke, yatsunsa fari fat da gishiri.

Fumie, mai motar, ta matso kusa. Tsohuwar Datsun ɗin nan ta marigayi mijinta ce, har yau ƙanshin tabarsa na cikin kujerun. Inshorar gama-gari kallon gwangwani take yi mata. Ɗanta kuwa ya riga ya yanke magana: ko a yi mata inshora a kan ainihin darajarta kafin lokacin guguwa, ko a sayar wa wani dillalin motoci na birnin Osaka ya zo ya ɗauke ta.

"Uwargida, motar nan ta taɓa shan ruwan teku?" in ji Nagamine. "In ta sha, ba ni sa hatimi. Gishiri ajalin ƙarfe ne."

"Teku? Mu da ke tsakiyar duwatsun Nagano?"

Tana waigawa ta hango Tokuzo, ƙanen mijinta, yana sulalewa ta bayan gareji, kwalba na leƙowa daga aljihunsa.

"Tokuzo! Dawo nan, sarkin karambani."

Ya dawo yana sosa ƙeya. "Haba matar yaya, alheri fa na yi. Motar mamaci ce, ga baƙo zai taɓa ta. Shi ne na tsarkake ta da safe, gishiri da giyar shinkafa a kowace taya, yadda al'adarmu ta tanada."

"Ɗan kaɗan ake barbaɗawa!"

"Yaya ai babban mutum ne. Rabin buhu na watsa."

Nagamine ya shinshina yatsunsa. Ya ɗauki tocila da tsumma ya sake kutsawa ƙasa. Ba a jin komai sai ƙarar goge ƙarfe. Fumie ta dafa murfin motar tana jira.

Can sai dariya ta ɓarke daga ƙarƙashi.

"Ƙarfe garau, ko ɗigon tsatsa babu! Amma a wanke ta yanzun nan, ina tsaye, sannan in buga hatimi."

Nan take Tokuzo ya kwanta rigingine a ƙasa da tiyo, ruwa na sauka a fuskarsa. Fumie ta shiga mazaunin direba, ta kifa goshi a sitiyari.

"Matar yaya, sauran giyar fa?"

"Kai wa yayanka gaban hotonsa. Ka durƙusa ka ba shi haƙuri."